Gwangwanin Hajiya: me ke sa tsohon kuɗi da minda su yi daraja?

Ɗan yayata ne ya same ni a gida, a Gangare, wata Asabar da hantsi, cikin sanyin nan na Jos mai sa mutum ya manne a rana kamar ƙadangare. Yana rungume da wani tsohon gwangwanin alewa da na gane tun daga nesa, domin a ƙasan adakar marigayiya Hajiyarmu yake zaune shekara da shekaru. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Kawu, Allah ya yanke mana wahala." Wai wani ne ya ga hoton aninan da ya ɗora a Facebook, ya biyo shi ta WhatsApp ya ce akwai Bature a Abuja da ke neman anini mai shekarar 1936, kowane ɗaya a kan miliyoyi. Sharaɗi guda ne: a turo naira dubu hamsin kuɗin gwaji, don sai an sa aninin a na'ura an tabbatar akwai makyuri a cikinsa.

Na ce ya zazzage gwangwanin a kan tabarma. Aninai da kwabbai masu huda a tsakiya sun fi talatin. Ga sulalla masu hoton bishiyar kwakwa, ga fataka biyu, ga liyari uku, ɗaya an liƙa masa kunne don ratayawa, ga sisin gwal guda a ƙulle cikin tsumma, ga mindodi huɗu, wato lambobin yabo da na tunawa, da ƙyallayensu suka koɗe, sai ɗan wuri da bai cika tafin hannu ba. Ni dai sha'awa ce ta sa na fi shekara ashirin ina tsintar irin waɗannan a hannun 'yan gwangwan na Dilimi da maƙeran fari, kuma sau biyu ana damfarata kafin na yi hankali. Abin da na gaya wa yaron ranar shi zan baje a nan, don na san irin gwangwanin nan yana gidaje da yawa, masu neman kuɗin gwaji kuma ba sa hutu.

Lissafin da ke kansa shi ne na kowa: abu ya tsufa, tunda ya tsufa ya yi wuyar samu, tunda ya yi wuyar samu ya yi tsada. Sai na ɗauki wuri ɗaya na ɗora masa a hannu. Duk abin da ke kan tabarmar babu wanda ya kai shi daɗewa a kasuwar Bahaushe. Kalmar kuɗi ma jam'in wuri ce. Daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya ake kawo shi, ya ratso Sahara, daga baya ya riƙa shigowa ta jiragen ruwa. Lokacin da Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, wuri 2,500 ne canjin dala ɗaya ta azurfa. Yau fa? Ɗan koli zai damƙo maka shi a kuɗin da bai taka kara ya karya ba, saboda buhu-buhu aka shigo da shi kuma ba ya ruɓewa. Abin da ke sa wa tsohon kuɗi farashi shi ne ƙarfen da aka yi shi da shi, da yawan 'yan'uwansa da suka rage a duniya, da lafiyar jikinsa, da yawan masu nemansa da kuɗi a hannu. A wajen minda akwai ƙari, wanda sau da yawa ya fi sauran nauyi: ta wane ce.

Mu fara da aninin da ya tayar da hankalin yaron. Kashi ɗaya cikin goma na kwabo ne, kuma a 1907 Turawa suka fito da shi don ya gaji wuri a ƙananan ciniki, saboda kwabo ya yi wa mai sayen daddawa da gishiri girma. Na farkon da alminiyom aka buga shi, abin da tsofaffi ke kira goran ruwa, kuma yana cikin kuɗaɗen farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe. Bai jure gumi da laima ba, ya riƙa zagwanyewa, sai a 1908 aka koma garwin tagulla da nikel. Hudar tsakiya don a zura su a igiya ne kada su zube. Tauraron nan mai tsini shida da yara ke rantsuwa a intanet wai na Isra'ila ne, ya riga kafa ƙasar Isra'ila hawa kan anini da shekara arba'in da ɗaya. Gwamna Lugga ya ce hatimin Annabi Sulaimanu ne, kuma a murfin wani kofin tagulla da aka kwaso a yaƙin Kwantagora ya gan shi. Ga rubutun Larabci a jiki don mai karatun allo ya gane ko nawa ne. Har gobe in soja ko ɗan sanda ya sami ƙarin girma ana cewa an liƙa masa anini a kafaɗa.

A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, ita ta ci gaba da buga wa ƙasashe huɗu kuɗi iri ɗaya: Najeriya, Gana ta yau, Saliyo da Gambiya. Daga hannunta muka riƙa samun ɗari, kwabo, taro, sisi, sule da fataka. Ka auna: ƙasashe huɗu, kusan shekara hamsin, da su ake biyan haraji, da su ake sayen gyaɗa da auduga, da su ake biyan leburorin kuza a nan Filato. Miliyoyi a kan miliyoyi aka buga. Da aka daina karɓarsu, har a ƙusar rufin kwano kafintoci sun riƙa zura kwabo mai huda don ya danne kwanon. Abin da aka yi wa wannan wulaƙanci ba shi ne zai yi wuyar samu ba.

Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma zancen 1936 yana da tushe. A watan Janairun wannan shekara Edward na Takwas ya hau gadon sarautar Ingila, a Disamba ya sauka don ya auri wata Ba'amurkiya bazawara. A Ingila kuɗi mai kansa bai taɓa shiga kasuwa ba, 'yan na gwaji ƙalilan aka buga, kuma ɗaya daga cikinsu, na zinariya, an sayar da shi fam miliyan ɗaya a 2020. Wannan labarin ne ke yawo, kowa ya ji ya ƙara masa gishiri. Namu na nan kuwa, tunda huda ta cinye tsakiyarsa, ba a sa masa kan sarki, suna kawai ake rubutawa a kewaye, don haka ba a jira an sassaƙa hoton kowa ba. Anini da ɗari da kwabo masu sunan Edward na Takwas an buga su da yawan gaske, da labarin murabus ya bazu kuma mutane suka riƙa ajiye su suna zaton za su yi tsada. Sakamakon haka, yau suna cikin mafiya sauƙin samu, sababbi fil. A kasuwar masu tara kuɗi ta duniya, farashin ɗaya kaɗan ne ƙwarai.

Batun makyuri ba sai an daɗe a kansa ba. Makyuri ƙarfe ne mai gudu kamar ruwa, babu ma'aikatar buga kuɗi da ta taɓa zuba shi cikin anini. Jan makyuri da ake cewa ana saye da tsada kuwa babu shi sam. A 2009 an yi wannan hauka a Saudiyya, mutane suka riƙa wawar tsofaffin kekunan ɗinki na Singer wai yana cikinsu. A nan ma mun ga zamanin dutsen guga mai zakara da tsohon agogon bango. Haka zancen kwabo mai jan allura ko shinkafa: tagulla da azurfa da zinariya ko mayen ƙarfe ba ya kama su, balle su ja wani abu. In ka ga allura ta bi kwabo, a duba hannun mai nunawa. Mai saye na gaskiya shi ke biya. Duk cinikin da mai kaya ne zai fara fitar da kuɗi, an gama da shi tun kafin a yi tayi.

To ina wuyar samun take? A cikin ƙananan abubuwan da ido ba ya kula da su. Ba ma'aikata ɗaya ce ta buga mana kuɗi ba. In ka sa tabarau mai ƙara girma za ka ga wani ɗan harafi a ɓoye: H na nufin ma'aikatar Heaton ta Bamingam, KN na nufin ta Kings Norton, SA na nufin Firitoriya a Afirka ta Kudu, wanda babu harafi kuma daga ma'aikatar gwamnati ta Landan ya fito. Kwabo biyu masu shekara ɗaya, sarki ɗaya, sai ka tarar an buga wannan miliyoyi, wancan kuwa kaɗan, farashinsu ya yi hannun riga. Akwai kuma kuskuren ma'aikata, inda aka haɗa hatimin gaba na wani kuɗi da na bayan wani. An san kwabon 1936 da fuska ɗaya tamu ce, ɗayar ta Afirka ta Gabas, an kuma san na 1956 mai ɗauke da sunan Sarki George na Shida, wanda ya rasu tun 1952. Irin waɗannan ne masu tarawa ke bi da fitila. Mun juya na gwangwanin ɗaya bayan ɗaya, ba mu dace ba. Wanda ke son duba nasa, shafin Numista yana da hoton kusan kowane iri da nauyinsa da faɗinsa, kyauta.

Sai lafiyar jiki, kuma a nan ne mutanenmu suka fi yi wa kansu asara. Masu wannan harka suna da ma'auni daga 1 zuwa 70, wanda wani Ba'amurke, William Sheldon, ya fito da shi a 1949: 1 shi ne kuɗin da ya suɗe har da ƙyar ake gane shi, 70 shi ne wanda ko ƙwarzane babu. Sule iri ɗaya, wanda ya sha hannu a kasuwa da wanda bai taɓa shiga aljihu ba, tazararsu a farashi kan ninka sau goma ko fiye. Kamfanoni irin PCGS da NGC suna duba kuɗi su ba shi lamba su rufe shi a roba, amma ladan aikinsu da kuɗin aikawa sun fi darajar yawancin abin da ke adakunanmu. Abin da ya fi muhimmanci ga mai gwangwani shi ne ya bar kayansa yadda ya same su. Yaron nan, don hoton Facebook ya yi kyau, ya goge kwabbai biyar da toka da lemon tsami sai ƙyalli suke. Ya zaci gyara ya yi. Wannan duhun da shekaru ke shimfiɗa wa tagulla da azurfa shi ne shaidar ba a taɓa su ba, toka kuwa tana barin zane-zane da ba sa fita har abada, kuma ƙwararre da kallo ɗaya zai gane ya rage tayi. A kama kuɗi ta gefe, kada a danna yatsa a fuskarsa, a naɗe kowane a takardarsa, a nisanta shi da laimar damina da leda mai taushi, wadda ke sa masa kore.

Da muka zo kan azurfa sai fuskar yaron ta ɗan saki, domin a nan akwai kuɗi na gaske ko da babu mai tarawa a duniya. Sule da fataka da sisi da taro na 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, kashi 925 cikin 1,000. Sule giram 5.66 ne, fataka ninkinsa. A 1920 azurfa ta yi tsada bayan yaƙin duniya na farko, aka rage ta, sannan aka koma tagulla mai ruwan ɗorawa. Saboda haka shekarar kawai za ka duba. Fatakarmu ɗaya ta 1916 ce, ɗayar ta 1938. Hoton kwakwa ɗaya, amma ta farkon ce kaɗai maƙerin fari zai ɗora a sikeli.

Liyari kuwa labarinsa ya fi kowanne rikita mutane. Dalar Maria Theresa ce, sarauniyar Ostiriya, kuma duk wanda ka ɗauka 1780 za ka gani a jikinsa. Yaron ya lissafa ya ce, "Kawu, wannan ai ya haura shekara ɗari biyu da arba'in." Na ce wataƙila, wataƙila kuma ni ma na girme shi. A 1780 sarauniyar ta rasu, amma fatake daga Yaman da Habasha da Sudan har Barno da ƙasar Hausa sun riga sun amince da wannan dala, ba sa karɓar wadda aka sauya wa ko ɗigo. Don haka aka daskarar da shekarar aka ci gaba da bugawa, a Biyana, da Landan, da Faris, da Roma, da Bombay, ɗaruruwan miliyoyi, kuma har yanzu ma'aikatar Ostiriya tana buga shi da 1780 ɗin nan. Nauyinsa giram 28 da ɗoriya kaɗan, azurfarsa kashi 833 cikin 1,000, wato tsantsar azurfa kamar giram 23.4, kusan kashi uku cikin huɗu na oza guda da ake yanka farashin duniya da ita, mai giram 31.1. Ka duba farashin oza na ranar, ka ɗauki kashi uku cikin huɗu, ka juya zuwa naira: ka san ƙasan farashin liyarinka, duk tayin da ya gaza haka da nisa ka ce albarka. Wanda aka huda ko aka liƙa wa kunne, kamar na wuyan Hajiya, mai tarawa ba ya so, ya koma kuɗin azurfarsa kawai.

Jabun liyari ya cika gari, kuma a nan aka fara damfarata. Gwajin ba wuya. Sikelin dijital na masu sayar da gwal zai nuna in nauyin ya kauce da fiye da abin da suɗewa za ta ci. Mayen ƙarfe bai kamata ya kama shi ba. In ka ɗora shi a kan yatsa ka ƙwanƙwasa, azurfa tana da amo mai tsawo, dalma kuwa sai ta ce ƙwal ta yi shiru. Na gaske yana da rubutu da ado a kewayen bakinsa, na jabu da aka zuba a ƙasa kamar tukunyar dalma yakan zo da ƙananan ramuka da layin haɗi a gefe. Gwaji ɗaya ba ya isa, a haɗa su.

Sisin gwal, wanda ake ƙirga sadaki da shi musamman a Barno, asalinsa fam ɗin zinariya ne na Ingila: giram 7.98, karat 22, tsantsar zinariya giram 7.32, da hoton mahayin doki yana sukar dodo a baya. Amma yawancin wanda alhazai ke dawowa da shi kwaikwayo ne na maƙeran Saudiyya da Dubai, zinariya ce ta gaske, sai dai karat 21, kuma in ka duba da kyau za ka ga an buga 21 ko 875 a wani lungu. Namu irinsa ne. Ba laifi, shi kaɗai ya fi duk sauran tarkacen gwangwanin kuɗi, amma a matsayin gwal, ba kayan tarihi ba. Tunda an zo nan, mai tara irin waɗannan ya tuna zinariya da azurfa suna da hukuncinsu: cinikinsu hannu da hannu ne, kuma a ƙiyasin da aka fi bi nisabin zakka giram 85 ne na zinariya ko 595 na azurfa, wato sisin gwal na Ingila goma sha biyu ko liyari ashirin da shida sun kai.

Manyan farashin da ake gani a labarai gaskiya ne, sai dai a duba me aka saya. Dala ashirin ta zinariya ta Amurka mai shekarar 1933 ta tashi a dala miliyan 18.9 a 2021, saboda gwamnati ta narkar da kusan duka kafin su fita, kuma ita kaɗai doka ta yarda mutum ya mallaka. Dinarin Banu Umayya na shekarar 105 bayan hijira, mai rubutun da ke nuna ma'adinin Amirul Muminina a Hijaz, an sayar da shi fam miliyan 3.72 a Landan a 2019, don ƙalilan ne suka rage kuma attajiran Larabawa da gidajen tarihi suna takara a kansa. Ƙaranci ne ya haɗu da masu kuɗi. Biyafara ma ta buga 'yan sulallanta na alminiyom a 1969, kuma sun fi kwabon Bature masu nema saboda ba su yi yawa ba. A kasuwar intanet ta eBay kowa na iya sa wa kwabonsa dala dubu goma, babu mai hana shi. Farashin da aka sa daban, wanda aka sallama daban, kuma na biyun ake dubawa. Ko a gidajen gwanjo irin Spink da Noonans sai an cire la'ada kafin kuɗi ya iso hannun mai kaya.

Kuɗinmu na bayan Turawa ba su da wani labari a wajen farashi. Na 1959, da Babban Banki ya fito da su shekarar da ya buɗe, da kwabban 1973 da aka shigo da naira, har da kwabo 25 mai dalar gyaɗa, da naira ɗaya mai Herbert Macaulay ta 1991, da naira biyu ta 2007, duk suna nan jingim. Suna da daɗin tarawa don a nuna wa yara, kuma wanda ke Abuja zai iya ganin jerinsu a gidan tarihin kuɗi da Babban Banki ya buɗe a hedikwatarsa a 2009.

Mindodin ne suka riƙe mu har azahar. Ta farko mara nauyi ce, ta tunawa da zuwan Sarauniya Elizabeth Najeriya a 1956, zuwan da ta yi har ta huta a nan Jos. Hajiya takan ba mu labarin yadda aka jera su a bakin hanya tana yarinya. Irin wannan, da na bikin naɗin sarauta, tsaraba ce da ake bugawa da yawa a raba ko a sayar, ba ta ɗauke da sunan kowa, kuɗinta kaɗan ne. Biyu kuma na kakanmu ne, mahaifin Hajiya, ɗan mazan jiya da ya yi yaƙin Boma: tauraron Boma mai tsini shida, da mindar yaƙin 1939 zuwa 1945. Runduna ta 81 da ta 82 na sojan Afirka ta Yamma ne suka yi wannan yaƙi da Japanawa a dazukan Kaladan da Arakan, kuma sunayen barikokin Kalapanzin da Dalet a Kaduna da Chindit a Zariya daga can suka samo asali. Matsalar ita ce Ingila ta raba mindodin yaƙin Hitila babu suna a jiki. Tauraron Boma shi kaɗai, ba takarda, ba hoto, ɗaya ne cikin dubbai, kuma akwai kwaikwayonsa birjik. In ya zo tare da littafin sallama daga soja, da hoton mai shi, da sauran mindodinsa a jere da ƙyallensu na asali, sai ya zama tarihin mutum guda, farashi ya sauya. Shi ya sa raba mindodin mamaci tsakanin 'ya'ya, wannan ɗaya wancan ɗaya, yake kashe darajarsu, haka ma sauya tsohon ƙyalle a jefar.

Mindodin da suka gabaci wannan yaƙi suna da suna, an buga shi a kewayen baki: lambar soja, muƙami, suna, runduna. Masu tarawa a Landan sun fi neman mindar hidimar Afirka da aka ƙirƙiro a 1902, mai 'yan sanduna a ƙyalle da ke faɗin yaƙin da aka yi. Sandar Arewacin Najeriya 1903 ta cin Kano da Sakkwato ce, shekarar da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi. Ta 1906 kuma shekarar Satiru ce. Duk sanda na riƙe irin wannan minda nakan ji wani iri, domin sunan da ke bakinta sau da yawa na Bahaushe ne. Turawan da suka jagoranci yaƙin 'yan kaɗan ne, masu ɗaukar bindigar namu ne. Ban ga amfanin ɓoye wannan ba, kuma ina ganin gara mindar ta zauna a inda jikoki za su karanta ta su yi tambaya da ta tafi akwatin wani a Turai. Akwai kuma mindar 'yancin kai da aka ba sojoji da 'yan sandan da ke bakin aiki ranar 1 ga Oktoba 1960, da mindar sarakuna da Ingila ta fara bayarwa a 1920, wadda ake ratayawa a wuya da sarƙa. Ita wannan in ka gan ta a kasuwa, ka tambayi yadda ta bar fada.

Kafin kowa ya sayar, akwai shinge biyu. Na farko doka: dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi waje ba da izini ba, ta kuma taƙaita cinikinsu ga wakilan da ta amince da su, kuma ma'anar kayan tarihi a cikinta ta haɗa da aikin hannun gida da aka yi kafin 1918 da abin da ke da muhimmanci ga tarihi. Mu a Jos ba mu da uzuri, gidan tarihin da Bernard Fagg ya buɗe a 1952 yana nan kusa da gidan zu, a je a tambaya. Na biyu gado. Na ce wa yaron, "Kai da ka ɗauko gwangwanin nan, ko anini ba ka da shi a ciki. Na uwarka ne da ni da sauran 'yan'uwanmu, ba a raba ba." Ya sunkuyar da kai yana dariya.

Minda ta huɗu ta yi baƙi ƙirin, sai da na karkata ta a rana na gane azurfa ce: kan Sarki George na Biyar a gaba, mahayin doki a baya, da 1914 da 1918. Mindar yaƙin duniya na farko ce, wanda sojan Najeriya suka yi a Kamaru da Afirka ta Gabas. An buga ta fiye da miliyan shida, don haka ba ta da wuyar samu. Amma da muka sa tabarau a bakinta sai ga lamba, ga harufan da ke nufin farabiti, wato ƙaramin soja, ga sunan kakan Hajiya, ga taƙaitaccen sunan rundunar Najeriya. A wancan zamani akawun soja yakan rubuta sunan mutum ne ya bi shi da sunan gari, kuma garin da ke jikin mindar Katagum ne. Mu kuwa tun tasowarmu Kanawa aka ce mana mu ne, kuza ce ta kawo kakanni Jos. Mai yiwuwa garin da ya shiga soja aka rubuta, mai yiwuwa kuma akwai zancen da ba a gaya mana ba. Katunan mindodin wannan yaƙi suna ma'ajiyar tarihin Ingila da ke Kew, ana binciken su ta intanet da lambar soja, yaron ya kwafe lambar a wayarsa.

Na kira yayata na karanta mata abin da ke bakin mindar. Ta yi shiru, can ta ce a mayar da komai cikin gwangwanin a kawo mata, kuma kada wanda ya sake goge ko kwabo ɗaya. Muna cikin naɗe su a takarda wayar yaron ta yi ƙara. Mutumin Abuja ne, wai Baturen zai tashi gobe, amma saboda mutunci an rage kuɗin gwaji zuwa dubu ashirin.